Ɗakin Farko a Injin Yaya

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa tana jin kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama hira da shi. Da aka yaye shi a Bukkuyum, Goggo ƙanwar Baba ta goya shi ta tafi da shi Anka, can ya yi wayo, can ya yi makaranta. Da ya girma ya buɗe shagon kwamfuta a Gummi, sai Inna ta samu abin da za ta riƙa kiransa da shi: "na Gummi". In ta ƙulla daddawa da kuka da yaji, sai ta miƙo mini ta ce, "Ki kai ma mutanen Gummi." Ni kuwa auta ce, sunana yana bakinta tun daga asuba har ta kwanta, har yakan ishe ni.

Abin nan yana ƙona mini rai tun ina ƙarama, kuma ni ba mai haɗiye magana ba ce. Yaya zai zo gida da sallah, ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuwa tana kallon bango tana amsawa kamar da maƙwabci take. Na sha ce mata, "Haba Inna, mutum ya taso tun daga Gummi!" Sai ta ce, "Ke, mi ya shahe ki? Tashi ki ba ni wuri."

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙasarmu, ina koyarwa a wata firamare a Gummi, ina zaune a gidan Yaya tare da matarsa. In an tashi daga makaranta sai in wuce shago, in riƙa buga wa mata takardu, don da yawansu ba sa son zama kusa da maza. A kan rufin shagon akwai wani ƙaton faranti mai jawo intanet daga sama, a bayan shagon kuma janareto mai tari kamar tsoho. Ƙarƙashin teburin Yaya akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a barin kowa ya taɓa. Masu sana'ar suna ce mata saba, mu dai inji muke cewa. Aikinta ta ajiye shafuka a cikinta, duk wanda ya neme su daga ko'ina a duniya ta miƙa masa. Amma fa sai in janareto na aiki. In mai ya ƙare, duk abin da ke cikinta ya ɓace daga duniya sai gobe in Allah ya kai mu.

Ƙungiyar ci gaban Gummi ce ta fara zuwa tana son shafi, don 'yan garin da ke zaune Legas da Kaduna su riƙa ganin abin da ake ciki a gida. Da mutanen Anka suka ji, suka ce ai yaron nasu ne, su suka raine shi. Mutanen Bukkuyum suka aiko cewa a wajensu aka binne cibiyarsa. Yaya bai iya cewa a'a ba, ko yaro ne ya roƙe shi. Ya karɓi duka ukun, alhali inji ɗaya gare shi.

Na ce masa, "Garuruwa uku a cikin wannan akwati? Su da ko a filin ƙwallo ba sa rabuwa lafiya?"

Ya ce, "Gida ɗaya ne, auta, ɗakuna ne uku. Zo ki gani."

Ya nuna mini. Injin yana da lamba ɗaya tak, ita ce kamar ƙofar gida. Kowane gari da sunan shafinsa, amma duk sunayen ukun wannan ƙofa ɗaya suke nunawa. A cikin injin akwai wani fayil inda ake rubuta tsarin gidan. Kowane ɗaki 'yan layuka ne: a buɗe, a rubuta sunan shafin, a rubuta inda aka ajiye kayansa, a rufe. In baƙo ya iso ya faɗi sunan da yake nema, injin ya duba fayil ɗin ya kai shi ɗakin da ya dace. In an canza wani abu kuma, sai an kashe manhajar an sake tayar da ita kafin ta san an canza.

Ranar da aka gayyato shugabannin ƙungiyoyin su ga aiki, ba zan manta da ita ba. Sun cika shago da manyan riguna da ƙamshin turare. Shugaban Gummi ya zauna, ya gyara hula, ya buga sunan shafinsu da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, yana neman kowane ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya danna. Sai ga hoton kasuwar Anka ya fito ɓaro-ɓaro, da "Barka da zuwa Anka" a sama. Na Bukkuyum ya ce a matsa ya gwada nasu. Ya buga, sai ga Anka kuma.

Wayyo, ranar na yi dariya har da hawaye, na cusa fuska a cikin hijabi ina ta girgiza. Na Gummi ya miƙe yana cewa, "A garinmu, da manmu, a buɗe muna Anka?" Na Anka kuwa ya harɗe yana murmushi, wai ai inji ma ya san babba. Yaya yana ta gumi, yana bin fayil ɗin layi-layi. Ashe layi ɗaya ya manta, wanda ke gaya wa injin ya riƙa tambayar kowane baƙo sunan da yake nema. In babu shi, kowa ya zo sai a zuba shi a ɗakin da aka fara rubutawa, kuma Anka ce a sama. Ya ƙara layin, ya sake tayar da manhajar, kowane gari ya fito a inda ya kamata.

Da ya yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma Yaya in yana bayani ba ya sanin inda zai tsaya. Ya ce musu ko yanzu da aka gyara, ɗakin farko yana da wani matsayi. Duk wanda ya zo da lambar injin kawai bai kira sunan kowa ba, ko ya kira sunan da babu shi a gidan, to ɗakin farko za a kai shi. Shi ke nan, ya tayar da wata sabuwa. Anka ta ce ita ce babba tun kaka da kakanni. Gummi ta ce a ƙasarta injin yake kwana. Bukkuyum ta ce mai injin ɗanta ne. Manyan mutane masu jikoki suka yi makonni suna aike-aike a kan wa za a rubuta a saman fayil ɗin da ba wanda zai taɓa gani a cikinsu.

Ƙarshe Yaya ya ce ba zai sa kowa ba. Ya gina ɗaki na huɗu, ya ɗora shi a sama da duka, ya ce ɗakin baƙi ne, ba na kowane gari ba. A ciki ya sa hoto ɗaya da ya ɗauka da sallah: zauren gidanmu na Bukkuyum, da randar da ke kusurwa, da moɗa a kife a kan murfinta. Randar Inna ce. Ba ta taɓa bari ta bushe ba, saboda masu wucewa ranar kasuwa da Fulani masu kiwo. In wani ya yi sallama yana neman Baba alhali ya fita, daga cikin gida take ɗaga murya ta ce ba ya nan, amma a shigo a sha ruwa. Yaya ya ɗauki muryarsa da abin magana na shago, ya haɗa da hoton, yadda da an buɗe shafin za a ji shi yana cewa:

"Assalamu alaikum. Maraba da baƙo. Wanda kake nema ba shi nan, amma shigo ka sha ruwa."

Na ce, "Kai dai Yaya ba ka da zuciya. Matar da ko kallonka ba ta yi, maganarta ka ɗauko ka sa a sama da garuruwa uku?"

Ya yi dariya ya ce, "Auta, bakinki ya fi hankalinki sauri. Yajin da take aiko wa mutanen Gummi, mai barkonon nan da ke sa ki atishawa, wa ke cinsa a gidan nan? Ke ba ki ci, matata ba ta ci."

Gaskiya ne kuwa. Amma duk da haka na san yana so ta gani. Da zan je gida hutu, ya bi ni har tasha yana kame-kame, sannan ya ce in gaya wa Inna, in ta samu sarari, ta zo Gummi ta ga randarta a cikin inji. Na gaya mata. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Mi zan gani ga akwatin ƙarhe? Allah shi yi albarka." Da na dawo na faɗa masa, ya ce, "To, madalla." Ya ɗauki tsumma ya shiga goge gilashin kwamfutar da ba ta da ko ɗigon datti, ya daɗe yana gogewa.

Saboda yawan tafiyarsa ɗaukar hotuna a garuruwan nan, ya koya mini fayil ɗin har na iya shi. Nakan ƙara ɗaki, in gyara suna, in sake tayar da manhaja. Abu ɗaya yake maimaita mini kullum, in taɓa duk abin da nake so amma kada in taɓa na sama.

Da damina ya dawo daga Anka ruwa ya dake shi a kan babur. Ya kwanta da zazzaɓi, muka ce na sauro ne, zai wuce. Bai wuce ba. Muka kai shi asibiti yana ta ba ni saƙon abin da zan gaya wa masu zuwa shago, a kan zai dawo jibi. A Gummi aka yi masa sutura.

Zaman makoki a Bukkuyum aka yi. Goggo ta zo daga Anka tana kuka har muryarta ta dishe, mata suka kewaye ta suna ba ta haƙuri, don kowa ya san ita ce ta goya shi. Inna kuwa tana bakin murhu. Ita ke tuƙa tuwo, ita ke raba kwanuka. In an yi mata gaisuwa sai ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi," ta ci gaba da abin da take yi. Ko ɗigon hawaye ban gani ba. Na daure, na daure, har na kasa. Na same ta a madafa ita kaɗai na ce, "Inna, ya mutu fa. Yanzu kuma kunyar wa kike ji? Ko sau ɗaya ba za ki faɗi sunansa ba?"

Ta dube ni, ta mayar da ido kan tukunya ta ce, "Randar zaure ta yi ƙasa. Je ki ƙara ma baƙi ruwa."

Na tafi na ƙara ruwan ina kuka, ina jin haushinta har cikin ƙashina. Na koma Gummi ban yi mata sallamar kirki ba, kuma na daɗe ban je gida ba.

Shagon bai rayu bayansa ba. Ina makaranta da safe, ba mai kula da janareto, masu zuwa suka ragu. Ƙungiyoyin suka zo ɗaya bayan ɗaya, na kwafe wa kowa kayansa a faifai na ba shi. Duk wadda ta tafi sai in buɗe fayil ɗin in share layukanta, in sake tayar da manhaja. Anka ta fita, Gummi ta fita, Bukkuyum ta fita, ya rage ɗakin sama shi kaɗai. Su da suka yi ta rigima a kan wa zai hau sama, ba wanda ya ko tambaya me ya rage a ciki. Kafin a yanke mana intanet ɗin, wani ɗan garinmu da ke aiki a Legas ya zo gaisuwa. Ya ce ya shiga wani shagon intanet can ya buga sunan shafin Bukkuyum kamar yadda ya saba, sai ya ji marigayi yana yi masa tayin ruwa. Ya ce a gaban mutanen da bai sani ba ya kifa kai a kan tebur.

Bayan matarsa ta fita takaba, aka kwaso kayan shagon a a-kori-kura aka kawo Bukkuyum don rabon gado. Malamin da zai raba ya ce a gwada kowane abu a ga mai aiki da marar aiki kafin a yi masa ƙima. An riga an sami mai sayen kwamfutocin, kuma na san abin da zai fara yi shi ne ya goge duk abin da ke cikinsu. Na kwafi muryar a faifai na ɓoye a akwatina, wannan ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni Inna ce. Na san in na ce mata ga muryar Yaya, tashi za ta yi ta bar ɗakin. Ita kuma har abada ba za ta buɗe baki ta ce a kunna mata ba.

A wannan zuwan na ga Inna ta canza. Ta rame, zanenta har yana neman zagaya ta sau biyu. Na shiga ɗakinta neman tabarma, na buɗe wata kwalla bisa kuskure, sai barkono ya bugi hancina. Yaji ne ƙulli-ƙulli, cike da kwallar, wani ya tsufa har ya dunƙule, wani kuwa sabo ne. Ashe tun bayan rasuwar ba ta daina dakawa ba. Tana dakawa, tana ƙullawa, ba wanda za ta ce a kai wa. Na zauna a ƙasa riƙe da murfin kwallar, haushin da na ɗauko tun daga Gummi na neme shi na rasa.

Bayan azahar na aro ƙaramin janareto a wajen mai askin unguwarmu. Ya kawo da kansa, ya tayar da shi a ƙofar gida, ya zauna a zaure yana jira. Na ja waya ta taga har ɗakin Inna, na ce nan ne kawai yara ba za su dame ni ba. Na haɗa injin da gilashinsa da 'yar lasifika a kan tabarma. Sannan na leƙa tsakar gida na ce, "Inna, zo ki riƙe mini wayar nan, in ta motsa wuta za ta ɗauke."

Ƙarya nake yi, kuma ta san ƙarya nake yi. Amma ta shigo, ta zauna a gefen tabarma, ta kama wayar da hannu biyu, ta juya fuska wajen bango.

Na fara magana kamar da kaina nake. Na ce wannan inji gida ne mai ɗakuna. Da akwai na Anka, da na Gummi, da na Bukkuyum, duk sun tashi. In mutum ya zo yana son wani ɗaki, dole ya kira sunansa. Amma mai ginin ya yi wata dabara. In mutum ya zo ya tsaya a ƙofa kawai, bai kira sunan kowa ba, ba a korarsa. Ɗakin farko ake kai shi.

Na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, tana kallon bango, "Ko ba a kira kowa ba?"

Na ce, "Ko ba a kira kowa ba, Inna."

Na buga lambar injin ita kaɗai, babu suna. Na ce mata hannuna ya yi maiƙo, ta danna mini wannan babban maɓallin. Ta saki wayar, ta miƙo yatsa. Ta danna.

Zaurenmu ya fito, da randa, da moɗa a kife. Sai muryarsa ta cika ɗakin, da 'yar dariyar nan da ke maƙale a ƙarshen maganarsa. "Assalamu alaikum. Maraba da baƙo. Wanda kake nema ba shi nan, amma shigo ka sha ruwa."

Sallama ce, kuma ba a barin sallama ba amsa. Na ji Inna ta ce, "Wa alaikumus salamu," a hankali. Wannan karon ba bango take kallo ba. Ta matso har gwiwarta ta taɓa injin, ta ƙura wa randar ido. Ta ce, "In an sake dannawa, shina sakewa?" Na nuna mata inda za ta danna. Ta ce, "To tashi ki ba ni wuri. Ja mini ƙohwa."

Na fita na ja ƙofar, na zauna a dokinta na jingina da bango. Ina jin sallamarsa, ina jin amsarta. Ya sake, ta sake. Ban san sau nawa ba, ban ƙirga ba. Kaji suna ta kiwonsu a tsakar gida, janareto yana ta ƙara a waje. Can, a tsakanin wata sallama da wata, na ji ta kira shi. Sunansa na yanka, cikakke, wanda aka raɗa masa ranar suna. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma ban sake ji ba har ta koma ga Allah. Na toshe bakina da gefen hijabi don kada ta san ina nan.

Man janareton ya ƙare da kansa, ya yi tari ya mutu, gidan ya yi tsit. Na jima ina jira kafin ƙofar ta buɗe. Ta fito ta gyara ɗaurin kallabinta, idanunta sun kumbura sun yi jawur, ba ta dube ni ba. Ta tsaya tana kallon hanyar zaure, inda mai askin yake zaune tun ɗazu.

Ta ce, "Ke, bawan Allah na nan zaune tun azahar. Kin ba shi ruwa?"